Takalmina a Ƙofar Coci

Duk Tandabawi, unguwarmu da ke kusa da Harami, ta ɗauka girmama cocin nan na yi. Ba haka ba ne. Ƙafata ce ta yi abin da ta saba, hankalina yana wani wuri.

Yayana yana aiki da masu sayo marmara daga Italiya, shi ya tafi da ni wai in ga duniya. Duniyar ke nan: layi cikin rana a gaban wani coci, tikiti, sai wata mai yi mana bayani tana ɗaga lema, wai mu dubi kubba. Na duba. Ni da na tashi ina hango hasumiyoyin Harami daga wurin shanyarmu, kubba ce za ta sa in saki baki? Cunkoson da take ta ba mu haƙuri a kansa ko na bakin famfo a Muzdalifa bai kai ba.

Sai dai ƙofar doguwa ce, ga marmara mai sanyi, ga kowa ya yi tsit. Ban san lokacin da na sunkuya na cire takalmi na jefa a leda ba, kamar yadda nake yi a ƙofar Harami tun ina riƙe gefen abayar Inna. Mai gadi ya zaro ido. Yaya ya ɗauke ni hoto yana dariya.

"Yalla, Hajiya, mayar da takalminki, ba gida muke ba!"

Gidan tarihinsu kuwa, jarirai ne aka zana da fuskar tsofaffi, da mazan dutse ko wando babu, Turawa na tsaye gabansu suna gyaɗa kai kamar masu karɓar gaisuwar rasuwa. Ina can ina hamma, ashe Yaya ya tura hoton zauren dangi na waya.

Ranar da muka dawo, Gwaggo, ƙanwar babanmu, ko sannu da zuwa ba ta yi min ba.

"Ke 'yar nan, har takalmi kika cire musu?"

"Gwaggo, da na shiga da shi ma ai sai kin samo abin faɗa."

"Ji bakinta! Wannan ce ke koya wa 'ya'yan mutane karatu?"

Nan ta taɓa ni. 'Yan matan layinmu suna zuwa wurina bayan la'asar in yi musu bitar hadda, shi ne kaɗai aikina. Cikin satin nan tabarmata ta zama wayam. Matan da ba su taɓa wuce Jidda ba, su ne suka san abin da ke zuciyata a Italiya.

Inna ta ce in bi gida-gida in ba da haƙuri. Haƙurin me? In ce musu ƙafata ta tuba?

'Yar kawuna da ke aure a unguwar Shisha ta ce matan gininsu na neman mai yi wa yara bita. Gobe bayan azahar zan tari tasi in je in same su.