Kaskar da Na Ƙi Jefawa a Wuta

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ina rini a Ƙofar Mata, ban yi aure ba, muna zaune ni da Inna, mahaifiyata. Tana da tunkiya guda a turke, jikin katangar ƙasar da ta raba mu da maƙwabciyarmu. Gwaggo muke ce wa matar nan, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ita da Inna tun kafin a haife ni suke miƙa wa juna kwanon tuwo ta saman katangar.

Cire wa tunkiya kaska aikina ne, duk Juma'a da safe. In duba cikin kunne, ƙarƙashin jela, da tsakanin kofato. Inna ta ce duk wadda na cire in jefa a murhu. Ba na jefawa. Son gani ne ya hana ni. Kaskar da ta ƙoshi takan kumbura kamar jiƙaƙƙen wake, ƙafafunta da ƙyar suke taɓa ƙasa. Sai in ajiye ta a gindin katanga, in tsuguna ina kallon yadda take jan ciki, dukkansu kullum wuri ɗaya suke nufa: wata tsaga a jikin ginin. Nakan yi mamakin wa ya nuna musu hanya. Na ɗauka mutuwa suke zuwa yi a ciki.

Da damina ta yi nisa, kaska ta yi wa tunkiyar yawa, har ƙanana da ban taɓa gani ba. Tunkiyar ta daina cin dusa, jikinta ya yi zafi, cikin idonta ya yi fari. Inna ta tambaye ni daga ina abin nan yake fitowa. Ban yi tunani ba na ce daga awakin Gwaggo ne, tunda su ma a jikin katangar suke kwana ta wancan ɓangaren. Inna ta leƙa ta faɗa mata maganar da ba ta dace ba, Gwaggo ta mayar. Daga ranar kwano bai ƙara haye katanga ba, gaisuwa ma ta tsaya.

Muka kira wani malamin dabbobi daga wajen Kabuga. Ya yi wa tunkiyar allura, ya wanke ta da ruwan magani, ya ce kaska ce ke sa mata ciwon a jini. Sannan ya tambaye ni inda nake zubar da waɗanda na cire.

"A wuta, Malam," na ce, Inna tana tsaye.

Bai musa mini ba. Ya zari tsinken tsintsiya ya soka a tsagar nan, ya yakuto wani abu ja-ja mai kama da ƙwan kifi. Ya ce macen idan ta ƙoshi ɓuya take ta zuba ƙwai, 'ya'yan su fito su hau dabba. Ya ce a yaɓe katangar, a riƙa share turken.

Tunkiya ta warke. Ni kuwa ban yarda da maganar malamin ba tukuna, ko kuma ban so in yarda ba. Na sami wata ƙosasshiyar kaska na saka a tsohuwar kwalbar turare, na ɗaure bakin da ƙyalle, na ɓoye a marina. Kullum kafin in taɓa shuni sai na duba. Abokan aiki suna gardamar sabuwar gwamnati, ni ina leƙen kwalba. Bayan 'yan kwanaki ta fara zuba ƙwai. Ta yi ta zubawa har tarin ƙwan ya fi ta girma, ita kuma ta motse ta mutu. Na tuna yawan waɗanda na raka bakin tsaga da idona.

Na kai wa Inna kwalbar, na faɗa mata komai. Ta ɗaga kwalbar ta duba. Daga baya ta ce bakin da ya ɓata shi zai je ya gyara, ita ba za ta taya ni ba.

Na yi sallama gidan Gwaggo, na durƙusa a tsakar gida, na ce ƙarya na yi wa awakinta, ta yafe mini. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta sa na maimaita labarin tun daga farko, har zancen kwalbar.

"Ƙato da kai, mai gemu, kiwon kaska ka koma?" ta ce. "Uwarka kuma ta biye maka."

Na ce laifina ne ni kaɗai. Ta ci gaba da tankaɗe har na fara tunanin tashi. Can ta kaɗe hannu ta ce, "Da gaske ƙwan ya fi ta girma?"

Na ce da gaske. Ta tambayi ina kwalbar take, na ce tana wurin Inna.

Ta ce in jira ta ɗauko mayafinta.