Rigar da Aka Ce Inna Ta Jefa

Shekara goma sha tara Inna Mai Guga ta yi a ɗakin wankin wani otal, can ƙasan bene inda tururi ke ɓare fentin bango. Da goyon auta ta fara aikin, bayan rasuwar mijinta. Zannuwan gado, labule, rigunan ma'aikata, duk ta hannunta suke bi. Ta san faɗin kafaɗar kowa ba tare da awo ba, amma ita ba a taɓa ɗinka mata ko ɗaya ba, tunda baƙi ba sa ganinta.

Sai aka kawo sabuwar manaja, sa'ar 'yarta, wadda ta iya Hausa sarai amma ba ta yi wa ma'aikata magana sai da Turanci. Wata safiya masu kai abinci biyu ba su zo ba, ga zauren taro cike da baƙi. Manaja ta leƙo ɗakin wanki, ta nuna rigunan da ke rataye, ta ce, "Throw one on and come up," ta juya abinta.

Inna ta gane cewa sama ake kiranta. Kalmar farko kuma ta sha jin ta a bakin jikanta in yana wasan ƙwallo: jifa. To ta jefi wa? Ga shi tana tsoron tambaya. Ta ciro riga ta jefa a kafaɗa kamar tawul, ta hau bene da zanenta jiƙe da gumi, ta tura ƙofar zaure. Baƙi suka waigo.

Manaja ta fizgo ta zuwa kicin, ta tara ma'aikata. Ranar nan kam Hausa ta dawo bakinta.

"Ku zo ku ga jaka mai furfura. Throw on, Inna, nufinsa ki zura riga da sauri, ba madubi ba gyara. Ɗan aji uku ya san wannan. Sa mu gani."

Inna ta sa. Rigar ta matse ta a hammata.

"Kin yi nawa. Cire, ki sake."

Sau biyar, a gaban maza, manaja tana duba agogon hannunta. A na huɗu maɓalli ya tsinke, ɗankwalinta ya faɗi cikin ruwan wanke-wanke. Babban kuku, wanda Inna ta goge wa kayan angonci kyauta, shi ya fi kowa dariya, har yana riƙe ciki. Wani ya ɗauki bidiyo a waya.

Daga nan sunanta ya koma Jefau. Ba ta faɗa a gida ba. A wayar maƙwabciya 'yarta ta gani.

"Inna, ki bar aikin nan."

"In bari in kama me? Hannun nan bai san komai ba sai dutsen guga."

Ba ta bari ba. Bayan wata uku otal ya sayo injin guga, manaja ta aiko mai gadi ya faɗa mata an sallame ta. Ta gama zannuwan da suka rage, ta ninke su kusurwa kan kusurwa, ta kashe dutse. A bakin ƙofa mai gadin ya ce doka ce, ya zazzage jakarta a ƙasa: kwanon abinci, man zafi na gwiwa, guntun sabulu. Sabulun ya riƙe, wai na otal ne. Ta durƙusa ta tsince sauran.

Yanzu tana gidan surukinta, tana kwana da jikoki a falo. Surukin kuwa bakin titi yake kai kayansa guga. Ya ce hannunta ya fara rawa, ba ya son a ƙona masa riga.