Farar Rigar da Na Kai Sabon Birni Na Dawo da Ita

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da wani maƙwabcina mai fataucin albasa. Shi za shi Isa, ni za ni Sabon Birni wurin ƙanena. Shekara ta zagayo bai leƙo gida ba, Inna kuwa ta hana ni sakat. Ta sa tela ya ɗinka masa farar rigar aiki, aka rubuta Likita da koren zare a ƙirji, ta ce in ba shi hannu da hannu. Ƙanen nan nawa fa ba likita ba ne, gwajin jini yake yi a wani ƙaramin asibiti. Amma je ka faɗa wa Inna! Duk unguwa an san ɗanta likita ne.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba ya ce rabi na mai ne, rabi na tsoro. A Marnona muka tsaya jiran motoci su taru, don ba mai shiga dajin Gundumi shi kaɗai saboda 'yan bindiga. Na sayi hoce da ƙuli-ƙuli, na cusa a jaka ban ci ba. Da muka shiga dajin, har maƙwabcin nawa da bakinsa ba ya hutawa ya koma jan carbi. Ga gonaki nan gero ya isa yanka, ba kowa a ciki.

A Isa kasuwa na ci, amma kowa sauri yake a watse kafin la'asar. Muka sha fura da nono a tsaye, na bar shi da albasarsa na hau wata motar.

Na iske ƙanena a ɗakin gwaji, ya duƙa kan madubin duba jini, sanye da wata koɗaɗɗiyar riga kamar ɗan dako. Ya rame. Na tambaye shi aiki, ya yi dariya. Ya ce albashi ba ya ganin tsakiyar wata, da yamma cajin waya yake yi a rumfa. Ƙarin girma sai da digiri, digiri kuma sai ya ajiye aiki ya koma makaranta, to wa zai ciyar da iyalinsa? Abokan karatunsa wani ya tsallaka Maradi, wani ya buɗe kemis, wani kabu-kabu yake yi.

Don in faranta masa rai na zaro rigar na warware ta a bakin ƙofa, marasa lafiya na zaune kan benci suna kallo. Nan take fuskarsa ta canza. Ya fizge ta ya cusa ƙarƙashin tebur, ya ja ni ciki.

"Yaya, sayar da ni za ka yi? Ba ka san wa ke zaune kan bencin nan ba."

Ashe abokin aikinsa haka aka yi masa. Mutane suka yi ta kiransa likita a kasuwa, magana ta kai daji, aka tare shi a hanyar Gatawa aka yanka masa kuɗin fansa irin na likita. Sai da danginsa suka sayar da gona. Na ce ya tattara mu koma gida. Ya ce ya koma ya yi me, kuma shi kaɗai ya rage mai gwaji a wurin.

"Ka roƙar mini Inna ta daina kirana likita," in ji shi. "Sunan yana da tsada a daji, amma a albashi ko sisi bai ƙara mini ba."

Washegari na biyo ayarin motoci na dawo, rigar a ƙasan jaka. Abin da tafiyar nan ta koya mini, akwai aikin da mai shi ke ɗaukar haɗarin babba da ladan ƙarami, kuma yabon da muke yi masa daga gida yana iya zama ajalinsa.

Inna ta tare ni tun daga zaure, tana tambaya ko rigar ta yi masa daidai. Na ce mata ta yi masa yawa.