Kunya Goma Sha Ɗaya ta Sama'ilu

A garinmu, gabas da Kunci, ba gonar da ba ta jingina da wata. Idan ka tsaya a taka ka yi atishawa, maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallah. Da mahaifin Sama'ilu ya rasu aka raba gado, abin da ya faɗo masa kunya goma sha ɗaya ce, doguwa siririya, a gefen gonar yayansa Iliyasu. Layin gamba ne kawai ya raba su. Ina wurin ranar rabon, kuma na ji abin da aka ce: duk shekarar da ɗaya ya kasa shuka tasa, ɗaya ya haɗa da tasa ya noma. Iliyasu ne ya kawo maganar, dattawa suka amince.

Ƙasar ta gaji, Sama'ilu kuma ba shi da dabbar da za ta ba shi taki. Shi ya sa ya fara zuwa tsibiri.

Tsibirin tsohon garinmu ne. Da aka yi dam, ruwa ya cinye ƙasa-ƙasa ya bar tudun da ganuwarsa. Masu aikin dam ɗin sun gina wata hasumiya a can, suka sa mata fitila a ka don masunta su riƙa gane hanya. Fitilar ta mutu fiye da shekara talatin, jemagu suka gaje wurin. Mutane ba sa son zuwa. Sama'ilu ya ce shi kashin jemage yake so, ba ruwansa da sauran mazauna wurin.

Duk ƙarshen rani Kamaruddeen masunci yakan haye da shi a kwale-kwale, ya bar shi kwana biyu da fura da ƙuli-ƙuli, ya dawo ya ɗauke shi da buhunansa. Shekara shida suna haka, geronsa yana fin na kowa tsayi.

A shekara ta bakwai ya tarar ya gama kankare ƙasan hasumiyar. Ya zaga kufan, ya leƙa tsohuwar rijiya, ya bi ganuwa inda ta zube, bai sami abin kirki ba. Sai ya ɗaga kai. Akwai tsani na ƙarfe manne da bango, yana hawa har ɗakin fitila. Ya cire rigarsa ya rataya, wayarsa a aljihu, ya ajiye furar a inuwa, ya hau da buhu ɗaya. Yana sa gwiwa a ɗakin sama, tsanin ya saki bango. Tsatsa ta daɗe da gama aikinta. Ya ji ƙarar faɗuwarsa ta daɗe kafin ta tsaya.

Ɗakin bai fi tabarma biyu ba. Tagogi huɗu ba gilashi, ragowar fitilar a tsakiya, taki har idon sawu. Ya leƙa ƙasa sau ɗaya, bai sake ba.

Da la'asar hadari ya haɗu, aka yi ruwan shuka, irin wanda ake jira wata biyu. Ya tara hannu ya sha. Yana jin wayarsa tana kuka a ƙasa, matarsa Aina'u ce, ta kira ta kira har wayar ta yi shiru.

Gari ya waye, ya ga abin da bai taɓa gani ba: gonakin garin gaba ɗaya a shimfiɗe bayan ruwa, mutane sun fito da sungumi kamar tururuwa. Ya gane tasa da ɗorawar da ke bakinta. Ya gaya mini daga baya cewa abin da ya fara ba shi mamaki shi ne ƙanƙantarta. Kowace gona da mutum a ciki, ban da ita.

Ya ga farar riga tana tafe tana sara a gonar Iliyasu. Da hantsi ta iso layin gamba, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sai ta tsallaka.

Sama'ilu ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Ya cire wandonsa ya kaɗa ta taga. Ranar shuka ba mai ɗaga kai.

Washegari Kamaruddeen ya zo a kan alkawari, ya ga riga, ya ga tsani a kwance.

"Kai Sama'ilu! Ka zama limamin jemagu ne?"

"Jefo igiya, don Allah."

"Ina wandonka?"

"Kamaru, igiya."

Sau tara ya jefa kafin ta shiga taga. Sama'ilu ya fara sauko da buhun da ya cika da taki, sannan shi. Bai tsaya gida ba, gona ya nufa. An shuke ta tas, daga ɗorawa har ƙarshe. Iliyasu yana zaune a gefe yana gyara ƙotar sungumi.

"Yaya, wa ya ce a shuka mini?"

"Ƙasa ta jiƙe, ba ka nan. Je ka tambayi matarka."

Da ya isa gida, Aina'u ta ba shi ruwa tukuna, sannan ta faɗa masa. Da asubar ranar shuka Iliyasu ya yi sallama a zaure yana tambayar ko ya dawo. Daga bayan ƙofa ta turo ƙwaryar iri, ta ɗaga murya yadda masu wucewa za su ji: "Yaya, ga irinsa, ya ce in ka zo a ba ka ka taimaka masa."

"Yaushe na ce haka?"

"Da kana nan ai da ka ce."

A wurinmu, mai iri shi ne mai amfanin gona. Mutum uku sun ji maganarta, ni ne na ukun. Iliyasu ya tsaya yana kallon ƙwaryar, sannan ya sunkuya ya ɗauka.

Geron Sama'ilu mai gashi ne, wanda tsuntsu ba ya so. Na Iliyasu gajere ne na zamani. Suna ƙanana ba a bambance su, don haka duk damina Sama'ilu ya yi noma, ya zuba buhunsa ɗaya tilo, yana jira. Da gero ya fitar da kai, sai aka ga kunya tara masu gashi. Biyun da ke jikin gamba gajeru ne.

Iliyasu ya zo ya yanke su da kaka, tunda irinsa ne. Da bazara aka ga gambar ta matsa. Sama'ilu kunya tara yake nomawa yanzu, kuma har yau suna gaisawa da yayansa a masallaci.