Sunan da Inna Kulu ta kira a bakin teku

Ranar Asabar ɗin nan ba ta cikin ranakun da zan iya mantawa, ko da na so. Har yanzu idan aka buɗe famfo da ƙarfi a bayana sai na zabura. Manaja ya ce in rubuta abin da ya faru saboda ku da aka ɗauka aiki a bayana, tunda duk lokacin da na gwada faɗa da baki muryata yankewa take yi. To ga shi yadda ya faru.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin sufuri a Sabon Gari, nan Gusau. Da na gama sakandare sayar da tikiti aka fara ba ni, daga baya aka mayar da ni mai rakiyar fasinja mata. Ga wanda bai san aikin ba: idan ƙungiyar mata ta yi shatar mota zuwa gari mai nisa, mazajensu da 'ya'yansu ba sa sakin jiki sai sun ji akwai mace daga ofis a cikin motar. Manaja ke tsara tafiya. Direba ke da mota da hanya. Jagora ke da wurin da aka je gani. Ni kuma mutane ne nawa. In san wadda ba ta karya ba, da mai shan maganin hawan jini, da wadda ke jin nauyin cewa a tsaya ta kama ruwa. Sama da komai, in dawo da kowa gidanta.

Bayan ƙaramar Sallah, wata ƙungiyar mata masu ƙuliƙuli da man gyaɗa daga Bungudu da Nahuce da Tsafe suka tafi baje koli Legas, aka haɗa su da ni. Duk tsoron da na ɗauka na hanya ne. Tsakanin Tsafe da Funtuwa ba wadda ta yi magana a motar, carbi kawai ake ja. Da muka sauka Agege lafiya sai na ɗauka mai wuyar ta wuce.

Rana ta ƙarshe an keɓe ta don yawon buɗe ido: babbar bas za ta kai mu Badagry mu ga gidan tarihi, sannan bakin teku, mu dawo kafin magariba. Jagoranmu Malam Sule ne, haifaffen Agege, yana jin Hausa da Yarbanci kamar ruwa.

Muna shirin tashi sai ga Inna Kulu, wata tsohuwa daga Rawayya, ita kaɗai ce daga garinsu. Tana tafe da sandarta, wata mata mai shuɗin hijabi na biye da ita, za ta yi shekara arba'in.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

"Ga ta nan dai. Nan garin anka kawo ta aure. A ba ta wuri."

"To, yaya sunanta?"

Inna ta kau da kai, ta kama gyaran ɗaurin zani kamar ba da ita nake ba. Hajiya Luba, shugabar ƙungiyar, 'yar Tsafe, wadda bakinta ba ya hutawa, ta fashe da dariya.

"Ke 'yar ofis, boko ya cinye miki kai? Ɗiyarta ce ta fari! So kike tsohuwa ta kama sunan ɗiyar fari a gaban jama'a, da safen nan?"

Motar ta ɗauki dariya, ni kuma kunya ta rufe ni. Na san al'adar, kakata ma haka take da babana. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ko tana mutuwar sonsa. Matar ta yi murmushi ta dafa kafaɗata.

"Ki ce mini Yaya kawai, ƙanwata. Ya isa."

Haka muka tafi. Inna ta zauna gaba kusa da direba, Yaya ta wuce can baya.

A gidan tarihi aka nuna mana sarƙoƙin da ake ɗaure bayi da su a da. Hajiya Luba ta ɗaga guda da hannu biyu, ta aje da sauri ta ce, "Wanga ko sa na huɗa ba a ɗora ma shi." Daga nan ba ta ƙara wasa ba sai da muka fito. A waje Yaya ta sayi kwakwa, aka fasa mata, ta miƙo mini.

"Kai wa Inna. Kar ki ce ni na saya."

Da na dawo na same ta a inuwa, muka ɗan yi hira. Ta ce ta daɗe a Agege, 'ya'yanta har sun tasa, amma ba ta taɓa ganin teku ba. "Mai gidan ya ce me za ki gani, ruwa ne." Sai ta leƙa wajen da Inna ke shan ruwan kwakwar ta ce, "Tun yaye aka kai ni wajen kakata. Kin san ban taɓa jin sunana a bakinta ba? Ko a waya, sai dai ta ce, ke ce?" Da dariya ta faɗa, amma ba ta dube ni ba.

Kafin mu sauka a bakin teku, Malam Sule ya ɗauki lasifika ya yi jawabin da doka ta ce a yi. Kada a shiga ruwa ya wuce idon sawu. Kada a yi nisa. Sannan ya ce, "Iyayena, ruwan nan yana janyewa, kuma yana dawowa a yini ɗin nan. Inda kuka ga yashi yanzu, anjima ruwa ne."

Hajiya Luba ta ce, "Ya tahi ina, Malam? Kasuwa?"

Aka yi ta dariya, har da ni. Rabin matan ma suna manne da taga suna salati, ba su ji shi ba. Ba raini ba ne. Mu gulbi muka sani. Idan gulbinmu ya janye da rani, ya janye ke nan, a kan yashinsa ake wanki, ake shanya, ake ratsawa zuwa ƙetare, ba mai waiwaye sai damina. Kuma in ruwa zai zo, daga sama yake zuwa, kana ganinsa a gabanka. Kunnenmu ya ji maganar Malam Sule, amma jikinmu bai ɗauka ba.

Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ruwa har inda ido ya ƙare, ba tsallake. Iska na kaɗa hijabai, ƙarar igiyar ruwa kamar ana sauke tifar yashi ba tsayawa. Wata 'yar Nahuce ta ɗanɗana ta tofar tana cewa wa ya zuba wa ruwan Allah gishiri haka. A hagunmu, inda wani rafi ke shiga teku, akwai yashi mai tsawo ya miƙe cikin ruwa kamar harshe, busasshe ƙarau. Na ga Inna ta duƙa ta tsinci wata 'yar katantanwa fara, tana juya ta a tafi.

"Awa ɗiyan wuri na kuɗin da, waɗanda kakata ka ɗaura ma ƙwarya," in ji ta, ba da kowa take ba. "Da za a samu manya."

Yaya na tsaye a bayanta. Na ga ta ji. Ban kawo komai a raina ba.

Muka yi azahar a ƙarƙashin wata rumfa, muka buɗe abinci. Ƙa'idar aiki ita ce a ƙirga mutane bayan kowace salla da kafin kowace tashi. Na ƙirga, babu ɗaya. Na sake, babu ɗaya. Jakar Yaya na nan a kan tabarma, wayarta a ciki.

Sai na hango shuɗin hijabi can a ƙarshen harshen yashin nan. Ta duƙa, ta ba mu baya, tana tsintar abu tana zubawa a bakin hijabinta. Tsakaninmu da ita kuwa, inda ɗazu yake busasshe, ruwa ne ke gudu. Ba daga gabanta ya zo ba. Ta baya ya zagayo.

Ban san lokacin da na kira Malam Sule ba. Yana gani fuskarsa ta canja.

"Kada kowa ya shiga! Ruwan nan ja yake, zai kwashe mutum. Zan kira masunta su zo da igiya. Amma inda take shi ke fara nutsewa. Ki sa ta dawo tsakiya, inda ya fi tudu. Yanzu!"

Ya ruga. Na tsaya bakin ruwa na kware murya. "Yaya! Yaya!" Iska ta maido mini da ita. Matan suka taso, aka haɗa baki. "Hajiya! Baiwar Allah! Mai shuɗi!" Wani mai sayar da lemo ya busa usur. Ba ta ɗago ba. A cikin wannan ƙara, duk ihun da ba sunanka ba ne hayaniya ce kawai, balle mace mai aure da ba ta saba waiwayar usur ba.

Na juya na kama hannun Inna Kulu biyu. Sanyi ƙalau.

"Inna, don girman Allah, sunanta."

Ta ce, "Ku ce ɗiyar Rawayya."

Muka ce ɗiyar Rawayya. Babu.

Hajiya Luba tana kuka ta ce, "Inna, raɗa mini a kunne, ni in faɗa! Ba wanda zai ce kin yi rashin kunya!"

Inna ta buɗe baki, ta rufe. Na ga tana so, wallahi na gani. Abin da mutum ya shekara arba'in yana haɗiyewa ba ya fitowa don an ce ya fito. A daidai lokacin wata igiyar ruwa ta hau kan yashin, ta malale har kusa da dugadugan Yaya, ta koma.

Sai Inna ta saki sandarta. Ta nufi ruwa kai tsaye har ya jiƙa mata zani. Na rungumo ta ta baya a ƙugu don kada ta ci gaba, shi ya sa kafin in ji da kunne, a hannuwana na fara ji, cikinta ya ɗaure kamar dutse.

"Saratu!"

Ban san tsohuwa na da irin wannan murya ba. Irin wadda ake kiran mutum da ita daga wannan gona zuwa waccan.

"Saratu! Ke Saratu! Taho nan!"

Shuɗin hijabin ya miƙe tsaye cak. Ta juyo a hankali. Ko daga nesa na ga ba ruwan ta fara kallo ba, mu ta kallo, tana neman bakin da ya kira. Sannan ta ga ruwan. Muka yi ta yi mata alama da hannu, ta fahimta, ta taho da sassarfa zuwa tudun. Ba a jima ba inda ta bari ya shafe, kamar ba a taɓa yin yashi a wurin ba.

Masunta biyu suka iso da Malam Sule. Ɗaya ya ɗaura igiya a ƙugu ya ratsa, ruwan ya kai masa ƙirji, mu da sauran mutane muka riƙe ɗaya bakin. Suna dawowa ruwa ya kayar da ita sau ɗaya, kanta ya ɓace. Wannan ne abin da nake gani idan na rufe ido. Amma masuncin ya ɗago ta. Suka fito tana tari, takalmi ya tafi, hannunta ɗaya dunƙule a bakin hijabi. Da aka zaunar da ita ta buɗe. Katantanwa ce, manya, farare. Ta miƙa wa Inna.

Inna ta karɓa. Ta cire mayafinta ta lulluɓe ta da shi, ta juya fuska wajen teku.

A hanyar dawowa direba ya dube ni, ya ba ni ruwa ya ce in sha in yi ta hasbunallahu. Da na tashi yin ƙirga na ƙarshe, kujerar gaba babu kowa. Inna na can baya kusa da ɗiyarta, kafaɗa da kafaɗa. Hajiya Luba, da idonta ya bushe bakinta ya dawo, ta waiwaya.

"Inna, mu ba mu ji da kyau ba ɗazu. Mi kinka ce sunanta?"

"Ni? Ban ce komi ba. Iska ce."

Motar ta kaure da dariya, wasu na share hawaye. Saratu ta sunkuyar da kai tana murmushi. Da na zo wucewa ta riƙo hannuna ta ce a hankali, "Ƙanwata, ashe ta iya faɗinsa daidai."

Da muka dawo Gusau na faɗa wa Manaja ba zan ƙara rakiya ba, a mayar da ni kan tikiti. Ya ce in huta tukuna, kujerata tana nan. Ina hutawar Inna Kulu ta aiko mini da ƙuliƙuli daga Rawayya, da katantanwa guda a ƙulle a leda. Tana cikin jakata yanzu. Akwai ƙungiyar Bungudu da ke son tafiya bayan girbi, na ce a sa sunana. Tsoron bai tafi ba, amma zan je da shi.

Abin da zan bar muku biyu ne. Idan jagora ya yi gargaɗi, kada ku tsaya a kan an faɗa. Ku maimaita da abin da mutanenmu suka sani. Ni yanzu cewa zan yi, wannan ba gulbi ba ne, ta baya yake zuwa. Na biyu, kafin mota ta tashi, ku san sunan da kowace fasinja za ta waiwayo idan an kira ta. Kada ku tambayi uwa a gaban mutane, ku ja mai sunan gefe. Mutanenmu suna ɓoye so kamar yadda suke ɓoye suna, kuma duka biyun suna nan, na gani da idona. Amma kada ku bari sai ruwa ya zagayo kafin a ji su.