Gilashin da na goge da hannun riga

Dakta Sa'idu ya rasu. Da safen nan ƙanensa ya kira ni ina bakin kasuwar Garwa, sai da na nemi benci na zauna.

Ɗan unguwarmu ne, yayana a makaranta, malamin kimiyya a jami'a can Maruwa. Aikinsa shimfiɗa sinadari a kan ƙananan gilasai, shimfiɗa siririya ƙwarai wadda sai na'ura ke auna kaurinta. Couche mince suke ce mata. Burinsa faifan sola ya yi arha.

Akwai abin da na ɓoye shekara uku. Yau zan faɗa.

Na je labo ɗinsa, ɗakin gwaje-gwaje, in yi hira da shi don jaridarmu. Ya fita kawo mini ruwa. A kan tebur na ga wani gilashi da dusu-dusu, kamar tabon mai a kan ruwa. Ina son hoto mai kyau. Na ɗauka, na hura masa iska, na goge shi tas da hannun rigata.

Da ya dawo ya dubi gilashin, ya dube ni.

"Sha ruwa, ɗan jarida," ya ce. Muka yi hirarmu har ƙarshe.

Sai bayan labarin ya fito, da hoton gilashin yana ƙyalli, wata abokiyar aikinsa ta faɗa mini cewa dattin nan shi ne aikin. Wata biyu yana gwadawa ana ɗauke musu wuta. Wannan kaɗai ya kama, kuma bai riga ya gasa shi ya zauna a jikin gilashin ba.

Ni da nake ja wa wasu layi saboda waƙafi ɗaya, na kasa ɗaga waya in ce ya yafe mini. Kullum gobe.

Shi kuwa bai sauya ba. In ya biyo ta Lagdo, sai na ga ƙunshin bandar kifi a gidana. In na rubuta wani abu kan kimiyya, ya turo gyara a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Ganinmu na ƙarshe a wani ɗaurin aure ne, watan jiya. Ya zare tabarau daga fuskata, ya ɗaga shi sama, ya goge da hannun rigarsa, ya mayar mini.

"Wannan kam ana gogewa, ƙanena."

Ya buɗe mini ƙofa ke nan. Na yi dariya, na ce useko, godiyar Fulatanci, na juya zancen.

Yaya Sa'idu, ka yafe mini. Na makara.

Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa da ɗalibansa haƙuri. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In da saura, ku haɗa da ni.