Pari a Kan Tabarma

A shekarun da kowa a Duwala yake kuka da kiriz, wato matsin tattalin arziki, bankin da maigidana yake aiki ya rufe. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. A layinmu na New Bell da wuya ka sami gidan da ba a sallami wani daga aiki ba, ko ba a yanke masa albashi ba. Sai dai shi ya yi karatu a Faransa yana saurayi, ya saba fita da kwat da taye, har yaran unguwa suna kiransa Misiye. Da ya gaji da zagaye ofisoshi babu labari, kawunsa ya ce ya zo ya riƙa taya shi zama a shagon atamfa a kasuwar Marché Congo. Ya je, bai yi gardama ba.

Ni kuwa ina buga takardu a wani kamfanin fiton kaya a unguwar Akwa, kuma Allah ya sa guguwar ba ta kwashe ni ba. Kamfanin ya sayo kwamfuta, aka rasa mai iya ta, sai shugabanmu ya kira ni ya ce za a tura ni Pari, babban birnin Faransa, in koyo, a watan Janairu, tsakiyar sanyinsu. Na fito daga ofishinsa ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Sai da taksi ya sauke ni a bakin layinmu, na hango ƙofar gidanmu, sannan murnar ta koma ciki. Ni da ban taɓa wuce Yawunde ba, ni ce zan je garin da shi yake ba yaranmu labari, a daidai lokacin da yake wuni yana auna yadi.

Na yi kwanaki maganar tana bakina. Ran Lahadi bayan azahar, muna zaune a tsakar gida ya gama cin abinci, na daure na faɗa masa. Ya yi ta juya cokali a kofin shayi, har na fara da-na-sanin buɗe baki. Can sai ya ɗago.

"Janairu? To, Madam, za ki ga sanyin da ba a ba da labarinsa. A wace unguwa za su sauke ki?"

Na faɗi sunan unguwar, ya gyara mini yadda ake furta shi. Daga nan ya janye tiren abinci gefe, ya warware rawanin da ke kafaɗarsa, ya shimfiɗa shi a lanƙwashe a kan tabarma.

"Wannan shi ne koginsu. Bai kai rabin kogin Wuri namu ba, amma sun fi mu iya yi masa ado. Ke kina nan," ya ajiye kofi. "Doguwar hasumiyar ƙarfen nan tana nan," ya kafa kwalbar yaji. "Babban masallaci kuma nan, hayin kogi."

Rabon da in ji muryarsa ta tashi haka tun kafin a rufe bankin. Ya ce ranar Juma'a in nemi izini in je masallacin, in sha shayin na'ana'a a gefensa. Asabar in shiga jirgin ruwan da ke yawo da baƙi, in zauna a ciki kada in hau sama, iska za ta yanke mini kunne. In na ga masu gasa wani abu kamar gurjiya a bakin titi in saya, in fara ɗumama hannu da shi kafin in ci. Ya koya mini yadda ake gane hanya a jirgin ƙarƙashin ƙasa: in duba sunan tashar ƙarshe, ita za ta nuna mini ɓangaren da zan tsaya.

"Hasumiyar fa, Baban yara? Yaya samanta yake?"

Ya yi dariya. "Ban taɓa hawa ba. Kullum ina cewa sai wani zuwan."

Daga ranar, duk yammacin da ya dawo daga kasuwa da sabon wurin da ya tuno. Ni kuma ina saurare, rabin zuciyata tana ɗoki, rabi tana jin kamar na zauna cin nama a gaban mai azumi. A ofis nakan kama kaina ina murmushi ni kaɗai, sai in tuna inda yake a wannan sa'ar in haɗiye. Surukata ba ta taimaka ba. Da ta ji labari cewa ta yi, "Allah ya kai ki lafiya, 'yata. Zamani ke nan." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban buƙaci ƙari ba.

Ana saura 'yan kwanaki na biya ta kasuwa neman safa mai kauri wajen masu gwanjo. Rana tana dukan tsakar ka, gumi yana bin bayana, ina ɗaga kayan sanyi masu kasuwa suna yi mini dariya. Da na gama na ce bari in leƙa shagon kawu. Daga nesa na hango maigidana a durƙushe yana naɗe atamfofin da wata mata ta sa ya warware. A kansa akwai wani mutum mai ƙaton ciki, yana magana da Faransanci da ƙarfi yadda duk layin zai ji. Na gane shi, ɗan kasuwa ne da ya sha zuwa gidanmu da safe yana roƙon a duba masa takardunsa a banki.

"Misiye, kai ne nan? Kai, duniya!"

Maigidana ya miƙe, ya ba shi hannu, ya tambaye shi iyali, ya koma naɗinsa. Ban ƙarasa ba. Na juya da ledar safata na fita ta wata ƙofar.

Da ya dawo gida ya fara ba ni labarin wata kasuwar 'yan Afirka da ke arewacin birnin, inda zan sami barkono idan abincinsu ya ishe ni. Na katse shi.

"Baban yara, ka bar wahalar da kanka. Karatu aka tura ni. In an tashi zan koma masauki in zauna, ba inda za ni."

Ya dube ni. "Saboda me?"

Na ce sanyi. Na ce tsoron ɓata. Ya bar ni na gama kame-kamena.

"Na gan ki ɗazu a kasuwa," in ji shi. "Ba ke kika rufe bankin ba. In kin je kin kulle kanki a ɗaki, aikina zai dawo? Tausayin nan naki ya fi maganar mutumin can yi mini ciwo."

Tun da muka yi aure bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Na yi kuka, bai rarrashe ni ba, ya ɗauki buta ya tafi masallaci.

Na je Pari. Na bi duk inda ya ce. Na hau hasumiyar, hazo ya rufe garin ban ga komai ba sai fararen gajimare da kawunan wasu 'yan yawon buɗe ido. Ranar jirgin ruwa na haɗu da wata 'yar Dakar da muke aji ɗaya, muka wuni muna yawo muna dariya, dusar ƙanƙara ta sauko muka tara hannu kamar yara. Sai da na zo cire takalmi a masauki na lura cewa tun safe ban tuna shi ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, don shi ne wunin da na fi jin daɗinsa.

Bayan na dawo da 'yan watanni aka ƙara mini matsayi, aka ba ni ofis ni kaɗai. Maigidana bai sake aikin ofis ba. Shagon ne ya zama nasa bayan kawu ya tsufa, kuma da shi muka aurar da yaranmu. Ranar da na kawo masa labarin ƙarin matsayin, da kansa ya je ya sayo kaji, ya sa aka dafa, ya kira maƙwabta. Yana ta zuba wa mutane yana cewa su yi wa Madam addu'a. Na zauna cikin mata ina amsa barka, aka turo mini cinya, na ɗan taɓa na miƙa wa ta kusa da ni.